Dalar Kwali da Guntun Hannun Malam Haliru

Kwana shida suka rage Malam Haliru ya koma Kano, kuma duk abin da ya kawo shi Landan ya yi kyau. An cire masa yanar ido, yanzu har lambar bas yake hangowa daga tagar gidan autarsa Karimatu a Lewisham. Ya yi 'yar ƙiba, wuyansa ya ciko. Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai, irin wanda ba a kai wa likita: wata uku cur, jikarsa Zarah ba ta tsokane shi ko sau ɗaya ba.

A Fagge, da ya sako ƙafa cikin gida jikokinsa mata za su taso masa. Wannan ta ce ta fasa aurensa tunda haƙoransa sun ƙare, waccan ta fizge masa hula ta ce sai ya kawo tsire. Shi kuma ya yi ta mita yana cewa duk zai sake su ya huta. Ba abin da ke sa shi jin yana raye kamar wannan rigima.

Zarah kuwa a Landan aka haife ta. Shekararta ashirin da uku, tana koyon aikin koyar da lissafi a wata kwaleji a Bloomsbury. Tana jin Hausa sarai, amma amsa sai da Turanci. Ranar da suka tarye shi a filin jirgi ya ce mata, "Amarya, haka za ki taryi mijinki hannu biyu, ko fura babu?" Yarinya ta zaro ido ta dubi uwarta. Karimatu ta yi mata bayanin cewa wasa ne na kaka da jika. Ta yi murmushi, ta karɓi jakarsa, shi ke nan. Tun daga ranar sai ladabi kamar na ma'aikaciyar asibiti: shayi a kan lokaci, maganin ɗigawa a kan lokaci, "Sannu, Kaka" safe da yamma. Wallahi ya fi son ta sace masa takalmi.

Ranar Litinin da yamma sai ga Zarah ta shigo tana jan wani ƙaton kwalin firji da ta roƙo a wani shago a bakin titi. Ta shimfiɗa shi a falo, ta durƙusa da tef ɗin awo da biro. Malam Haliru ya tambayi abin da za a yi da shi. Zarah ta buɗe baki ta yi ta zuba Turanci, hannu na sama hannu na ƙasa, har kusan minti biyar.

To, Karimatu 'yar jarida ce a gidan rediyo, kuma shekara ashirin ke nan aikinta shi ne a ba ta dogon labari ta datse shi ya shiga minti ɗaya. Haka ta yi wa bayanin 'yarta.

"Baba, dala za ta gina, irin ta Masar. Ran Asabar za ta koyar da yara a wani zaure a Deptford, malamarta za ta zo ta yi mata assessment, wato ta duba koyarwarta, in ta yi kyau ta wuce. Ta ce akwai wata tsohuwar takarda a gidan tarihi kusa da makarantarsu, ta fi shekara dubu uku, a ciki aka ga yadda suke lissafin. Duk kamu ɗaya da gini ya hau sama, sai su ja shi ciki tafi biyar da yatsu biyu. Tafi ɗaya faɗin yatsu huɗu ke nan. In kowace fuska ta bi wannan, sai huɗun su haɗu a tsini ɗaya. Tata dalar kamu biyu za ta yi."

"Dala kuwa?" in ji Malam Haliru. Ya gyara zama.

Abin da ba wanda ya taɓa tambayarsa a gidan nan shi ne, kafin ya zama mai shagon hatsi, shekara huɗu ya yi yana ɗora buhu a dalar gyada ta Kano. Yana saurayi ɗan sha tara ya fara. Ya hau dala da buhu a ka har inda mutum ke ganin jirgin ƙasa kamar kwalin ashana. Yau ga shi an zo har falo ana maganar kamu da tafi, yaren da ya sani tun kafin a haifi uwar yarinyar.

Ya zauna ya zuba sabon idonsa. Ya gane dabarar tata nan da nan. Ɓangare huɗu za ta yanka, kowanne mai kusurwa uku, gefe ɗaya a tsaye, gefe ɗaya a kwance, na ukun a gicciye. Za ta haɗa bayansu a tsakiya su tsaya, ta lulluɓa zane a kai, dala ta fito. Ta yanka biyu a daren Talata bayan cin abinci, ta kai su ɗakinta, ta jingine sauran kwalin a bayan kujera ta ce sai Alhamis in ta dawo.

Alhamis da hantsi gida ya watse. Karimatu ta tafi aiki, Zarah ta tafi makaranta. Malam Haliru ya dubi kwalin, kwalin ya dube shi. Ya ce a ransa, in yarinyar nan ta dawo ta tarar an gama mata aiki, ai dole bakinta ya buɗe.

Da wani mai sanyin rai ne, da ya jira ta dawo, ko ya ɗauko waɗanda ta yanka ya ɗora ya zana. Amma shi ba ya shiga ɗakin budurwa ba ta nan, kuma a faɗi gaskiya, mutumin da ya hau dalar buhu dubu goma sha biyar ba zai kwafi aikin jikarsa ba. Ya naɗe hannun riga. Ya kafa gwiwar hannunsa a kusurwar kwalin, ya miƙa har ƙarshen dogon yatsa, ya yi alama. Ya sake, kamu biyu ke nan. Sai ya koma gefen kwance. Tafi biyar da yatsu biyu, sau biyu, tafi goma sha ɗaya. Ya jera tafinsa ɗaya bayan ɗaya yana ƙirgawa a fili, ya ɗauko sandar goge ɗaki ya ja layi, ya yanka da wuƙar yankan albasa. Yana yi yana 'yar waƙar da suke yi a bakin dala, wadda ya ɗauka ya manta. Ya gama biyun, ya share ɓurɓushi, ya yi sallar la'asar, ya sa hularsa mai kyau ya zauna jira.

Tare suka shigo, uwa da 'ya, suna mitar an yi cancel ɗin jirgin ƙasansu a tashar London Bridge. Zarah ta yi turus da ta ga ɓangarori biyu jingine da bango.

"Na rage miki aiki," in ji shi, yana wani kallon taga kamar ba komai ba.

Ta ɗauko nata biyun, ta haɗa bayan huɗun ta naɗe da tef. Tun kafin a ɗora zane abin ya nuna kansa. Nata sun fi nasa tsawo da fiye da tafi guda, nasa kuma sun fi nata baje ƙafa. Karimatu, don ƙarfin hali, ta ɗauko atamfarta ruwan ɗorawa ta lulluɓa. Dala ta fito kamar hular da aka zauna a kai, gefe biyu a miƙe, gefe biyu sun zube. Kwali kuma ya ƙare.

Zarah ta cije leɓe, ta lumshe ido, ta buɗe. Sannan ta ce cikin sanyin murya, "It's fine, Kaka. Thank you."

Wannan godiyar ita ta fi komai yi masa ciwo. Da a Fagge ne, da tuni an yi masa ihu an ce tsufa ya cinye masa kai, da an yi dariya an wuce wurin. Kunya ta rufe shi, kuma kunyar tsoho ba ta zuwa ita kaɗai, sai ta jawo gardama.

"Ni fa daidai na auna," in ji shi. "Ku zo ku gani. Karimatu, ba kamu biyu kika ce ba?"

Ya sauko daga kujera ya kafa gwiwar hannunsa a gindin kwalin nasa. Ya miƙa, ya sake miƙawa, ƙarshen yatsansa ya sauka cif a kan tsini. Ya ɗago yana jiran a ba shi haƙuri.

Zarah ta daina cizon leɓe. Ta matso ta durƙusa, ta kama hannunsa na dama ta miƙar, ta ɗauki na hagunsa ta fara jera masa tafi daga gwiwa zuwa yatsa. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, shida. Hannu ya ƙare. Ta tashi da sauri ta zuge jakarta, ta zaro wata sanda ta katako mai zane-zane, ta ajiye kusa da hannun nasa. Sandar ta wuce yatsansa. Ta nuna masa zanen ɗaya-ɗaya, har bakwai.

Karimatu ta dafe kai. "Wayyo, Baba, laifina ne. Ta faɗa ran Litinin, ni ce na yi cutting ɗinsa, na ɗauka ba shi da muhimmanci. Kamun da suka yi ginin da shi ba na hannun mutum ba ne. Kamun sarki suke ce masa, tafi bakwai ne, a jikin sanda yake, kowa da shi yake aunawa."

Malam Haliru ya karɓi sandar. Ya juya ta, ya shafa zanen da babban yatsa. Can sai ya ce, "Choji."

"Wa?" in ji Karimatu.

"Choji! La ilaha illallahu. Ni da kaina na yi wannan aika-aika? Da Choji na nan da ya kore ni yau ɗin nan."

Sai dariya ta ƙwace masa, ya zauna daɓas a ƙasa. Ya ce Choji shi ne shugaban ma'aikatansu a bakin dala, wani gajeren mutumin Jos mai muryar mutum uku. Yana da sanda guda mai tsaga-tsaga da ba ya bari kowa ya taɓa, har barci da ita yake. Ƙungiya huɗu suke, kowace da fuskarta. Duk layin buhun da aka gama, sai an ja na samansa ciki, kuma Choji ne zai zagaya fuska huɗun da sandarsa ya duba an ja daidai.

"Wata rana zazzaɓi ya kwantar da shi," in ji Malam Haliru. "Muka ce ai ba sai an jira ba, kowa na da hannu. A fuskarmu ni na auna. A ta gabas wani dogo ne, hannunsa kamar muciya. Kafin azahar tasu ta kwanta, tamu ta miƙe tsaye, kusurwa ta buɗe baki. Buhu ya fara gangarowa, kowa ya yi ta kansa. Choji ya taso da bargo a kafaɗa, yana rawar sanyi yana zagi. Ya ce duk wanda ya ƙara auna masa dala da hannunsa, ya je ya gina tasa a ƙofar gidan ubansa. Kwana biyu muna saukewa muna sake ɗorawa."

Ya ɗaga kai ya ga Zarah ta harɗe a ƙasa a gabansa, baki buɗe. Ashe ba ta jira fassara ba.

"Kaka," ta ce, tana lalubo kalmomin ɗaya-ɗaya. "Kai... ka gina dala? Da gaske?"

Wannan ne karo na farko da ta tambaye shi wani abu da Hausa wanda ba gaisuwa ba. Ya ji daɗi har cikin ƙashinsa, amma ya basar.

"Da wasa na gina. Guda nawa kike so in ƙirga miki?"

Shayi ya huce a kan tebur ba wanda ya tuna da shi. Ta kawo takarda ta ce ya zana mata yadda ake kwantar da buhu, wannan a tsaye wannan a gicciye don su riƙe juna. Ta nuna masa a wayarta hoton tsohuwar takardar Masar ɗin, da 'yan zanen dala a gefen rubutu. Ta ce su ma mutanen Masar abin da suke tambaya ke nan: ga faɗin gindi, ga tsawo, nawa za a riƙa ja ciki a kowane kamu? Sunan wannan awon seked. A raba gindi biyu, a raba da tsawo, a mayar da abin da ya fito zuwa tafi. Shi kuma ya ce su ba su da suna, Choji dai yakan ce "ja", in ya yi yawa ya ce "kai, mayar". Inda Hausarta ta ƙare Karimatu ta cike, wannan karon ba ta datse komai ba.

Da ya ce zai nemo hanyar gyara ɓarnar da ya yi, Zarah ta rungume karkatacciyar dalar kamar za a ƙwace mata. "A'a! Kar ka taɓa." Ta juya ga uwarta ta zuba Turanci. Karimatu ta ce, "Wai mako biyu tana neman yadda za ta sa yara su gane dalilin sandar, ta rasa. Wai ka yi mata rabin darasi. Kuma wai ran Asabar da kai za a tafi."

Juma'a bayan masallaci suka samo wani kwalin a kasuwar Deptford, wajen wani mai sayar da doya da manja. Suka yanka sababbi huɗu tare, ita tana riƙe da sanda, shi yana yanka. Sau biyu hannunsa na zabura zai auna da kansa, tana buge shi. Bugun ya yi masa daɗi, sai dai har yanzu ba ta tsokane shi da baki ba.

Zauren Asabar ɗin yara ne kusan ashirin, da iyaye a baya, da malamar Zarah, wata doguwar mata mai tabarau da littafi a cinya. Zarah ba ta fara da bayani ba. Ta yaye mayafi daga kan karkatacciyar dala, yara suka tuntsire da dariya. Ta ce mutum biyu ne suka gina ta, dukansu sun bi lissafi ɗaya, ba wanda ya yi kuskuren ƙirga, to me ya faru? Aka yi ta harbo amsa ba a dace ba. Sai ta ce kowa ya auna teburinsa da kamun hannunsa. Wannan ya ce uku, wancan ya ce biyu da rabi, gardama ta kaure, har malamar ta ajiye littafi ta naɗe hannun riga ta auna nata. Can wata yarinya ta yi ihu daga baya cewa ai hannuwan ne ba ɗaya ba.

Sannan Zarah ta kira kakanta. Ya fito da babbar riga, ya ba da labarin Choji da Hausa, ita da kanta take mayarwa Turanci. Da ya zo wajen gangarowar buhu bai jira ta ba, ya yi musu da jiki, ya nuna yadda ya ruga da gudu riƙe da wando. Ba a buƙaci fassara ba. Daga nan aka fito da sanda mai tafi bakwai, yara suka auna sababbin ɓangarorin, sha huɗu a tsaye, sha ɗaya a kwance, duka huɗun. Aka haɗa, aka lulluɓa atamfar Karimatu. Tsini ya fito cak. Zauren ya ɗauki tafi, malamar tana rubutu tana murmushi, kuma da aka tashi ta riƙe hannun Zarah ta daɗe tana magana. Ko ba fassara ya san an wuce.

A bakin titi suna jiran bas, iska mai sanyi na tasowa daga kogi, murnarsa ta ɗan ja baya. Gobe war haka yana cikin jirgi. Ya sami labari, ya sami tambaya, amma abin da yake nema tun filin jirgi bai samu ba. Ya ce bari ya jefa ta ƙarshe, in ta faɗi ƙasa shi ke nan.

"To, amarya, na fitar da ke kunya. Gobe zan tafi. Za ki bi mijinki ko kuwa?"

Zarah ta dube shi daga hula har takalmi, ta yatsine fuska. Karimatu ta juya tana karanta jadawalin bas da wata irin natsuwa da ba a yarda da ita ba. Yarinya ta zaro sanda daga jaka, ta kama hannunsa ta ɗora a kai a gaban jama'a, ta girgiza kai.

"Tafi shida," ta ce. "Tsoho, hannunka guntu ne. Ka ɓata mini dala, ba haƙori, ba tsire. Ni sai mai tafi bakwai. Na fasa!"

Ta yi wuf ta fizge hularsa ta ɗora a kan ɗankwalinta.

Malam Haliru ya buɗe baki zai rama. Dariya ce ta zo tare da hawaye, sabon idon nan da aka sha wahalar gyarawa ya cika taf har bai ga lambar bas ɗin da ta tsaya ba. Karimatu ta ce a ba shi hularsa, sanyi zai kama shi. Ya ɗaga mata hannu.

"Ƙyale ta," in ji shi, yana share fuska da bakin riga. "Kar ki sa baki a rigimar mutum da iyalinsa."

Haka ya hau bas kai ba hula, yana mita da ƙarfi cewa da ya sauka Kano zai aiko mata da takardarta, ita kuma tana daga kujerar baya tana cewa ya aiko, in hannun nasa zai kai.